Allurai Shida a Daro

Da la'asar na nemi alluraina na rasa.
Gwangwani wayam, sai maɓalli biyu da guntun alli.
Jallabiyar Alhaji Dardiri na jiran wuya,
ni kuwa ina tonon ƙarƙashin keke
kamar kaza a bola.

Can bayan gida na iske Rumaisa'u
durƙushe gaban daron wanki.
Ta ciko shi daga Nilu, ta bar laka ta kwanta.
Kowace allura ta goga ta a maganaɗisun tsohuwar rediyo,
ta soke ta a gutsuren kara,
tsini ƙasa, kafa sama.
Babban maganaɗisu na lilo a reshen lemo,
saura yatsa uku ya taɓa ruwa.
Ta ce, "Baba, rage numfashi."

Ta saki biyu.
Suka ba juna hanya kamar surukai a lungu.
Ta ƙara ɗaya, suka zauna zaman duwatsun murhu.
Huɗu, ƙafafun gado.
Biyar suka yi zobe,
yadda muke kewaye faifan kisra da azahar,
kowa na tsaron gwiwarsa daga ta maƙwabci.

Na ce ta shida ma za a matsa mata.
Ina!
Zoben ya yi rawa, ya karkace, ya yi shawara,
sai ɗaya ta sulale tsakiya ta tsaya cak,
biyar suka rufe ta.
Ba wanda ya umarce ta.

"Haka wani masani ya zana atam," in ji 'yata,
"shekara ɗari da ɗoriya ke nan.
Ya ce ilektiron ba sa shiri, don halinsu ɗaya,
amma dunƙulen da suke ciki yana janyo su.
Tsakanin ƙi da ja kowa ke samun mazauni.
Zobe ba ya wuce biyar
sai wani ya shiga ciki ya tokare.
In sun yi yawa, zobe cikin zobe."

Ban amsa ba.
Ido na kan ruwa, zuciya na ƙirga takalman ƙofa.
Tun da harbi ya koro Yaya Batulu daga Khartum
da 'ya'ya huɗu da tukunya ɗaya,
ɗaki uku, mu goma sha bakwai.
Yara a tsakar gida, samari a zaure,
Inna a tsakiya da carbinta, ba ta motsi,
kuma don ba ta motsi ne ba mu watse ba.
Muna faɗa kan buta, kan sabulu, kan wa ya kashe fitila.
Ba wanda ya bar Mai Wurno.

"Amma fa an soke zanen," ta ce, tana dariya.
"Daga baya an gano nauyin duk yana can tsakiya,
ɗan mitsitsi, sauran fili ne fetal."
Na ce to don me malamarku ke wahal da ku
da abin da aka yar?
Ta kalle ni kallon uwarta.
"Kai fa? Farin zaren da kake riƙe hannun riga da shi
kafin ka hau keke,
ba warwarewa kake ba?"

Iska ta taso daga kogi, ta birkita daron.
Allurai suka yi ta kai da komo,
sannu a hankali kuma suka koma mazauninsu,
sai dai wata daban ce yanzu a tsakiya.

Ta dawo min da biyar, ta shida ta nutse.
Na tsane su a gefen riga.
Har yau in na kai hannu ga almakashi
sai in ji allura ta biyo shi,
ta manne,
sai na ɓamɓare ta.